Wasiƙar godiya ga ma'aikatan hanyar Dempster da masu jiragen fito

Zuwa ga ma'aikatan gyaran hanya na gwamnatin Yukon, da takwarorinsu na yankin Arewa Maso Yammacin Kanada, da masu fito a kogunan Peel da Mackenzie.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Sannunku da aiki.

Na zaɓi in gode muku a bainar jama'a ne saboda na lura duk wanda ya dawo daga hanyar Dempster hirarsa ta duwatsu ce da namun daji, da wuya ka ji ya ambaci mutanen da suka sa hanyar take biyuwa. Yaba kyauta tukwici. Ni da mai ɗakina da karenmu mun bi ta a ƙarshen watan Agusta, cikin motar haya mai ɗakin kwana da madafi, daga mararrabar da ke kusa da Dawson har garin Inuvik. Tafiyar kusan kilomita 740 ce, kusan dukanta a kan tsakuwa. Mun je lafiya, mun dawo lafiya, kuma bayan kiyayewar Allah, aikinku ne ya kai mu.

Kyan ƙasar ba sai na faɗa muku ba, ku da kuke kwana kuna tashi a cikinta. A gandun Tombstone mun tarar da ciyayi sun rine ja da ruwan ɗorawa har gindin baƙaƙen duwatsu, mun daɗe a tsaye ba mai cewa uffan. To amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar kanta. Ƙasar da ke ƙarƙashinta a daskare take shekara da shekaru, idan zafi ya kai gare ta ta narke, hanya sai ta lotsa. Shi ya sa aka ɗora ta bisa tudun tsakuwa wanda a wasu wurare kaurinsa ya haura mita 2. Tun da aka buɗe ta a 1979 gyaranta bai taɓa ƙarewa ba: ruwa ya zaizaye, tireloli su rarake, ku sake cikewa ku daidaita.

Mun ga haka da idonmu kafin mu kai Eagle Plains, inda ake samun man fetur na farko bayan tafiyar kilomita kusan 370. Ruwan sama ya kwana yana zuba, hanya ta yi santsi kamar an shafa mata sabulu, mota mai nauyi irin tamu kuwa ba ta son haka. Wani ma'aikacinku ya tsayar da mu, ya ce mu dakata gireda ta wuce tukuna, ya nuna mana wuri mai faɗi da za mu raɓe. Da ya hangi kare yana leƙe ta taga, sai ya ce kada mu sake shi a nan ko da na minti ɗaya ne, domin sun ga beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, da 'ya'yanta a kusa. Ya ƙara da cewa kare idan ya kori beyar, da gudu yake komowa wajen mai shi, ita kuma tana biye. Babu wanda ya ɗora masa kula da karen matafiya, gyaran hanya aka sa shi. Daga ranar igiya ba ta bar wuyan karenmu ba duk inda muka sauka, har a allon da ke nuna an shiga da'irar Aktik, wato yankin can ƙuryar arewacin duniya. Wannan ma'aikacin ne kuma ya tuna mana kada mu kwana a sassan hanyar da jiragen sama ke sauka idan larura ta taso.

Masu fito, ku ma godiyarku daban ce. Ba ku karɓi ko sisi ba, ba a Peel ba, ba a Mackenzie ba, amma kun tarbe mu kamar mun biya kuɗi mai tsoka. A Peel, kusa da Fort McPherson, na ga yadda ake ta tura tsakuwa da katafila ana gyara mashigar jirgi saboda ruwa yana hawa yana sauka. Bayan motarmu dogo ne, ina tsoron ya goge ƙasa, sai ɗayanku ya tsaya a gaba yana yi mini nuni da hannu, a hankali a hankali, har muka hau ba ko ƙwarzane. Karenmu bai saba da ƙugin inji ba, jikinsa ya ɗauki rawa. A Tsiigehtchic wata ma'aikaciya ta matso gefen taga tana yi masa magana a tausashe har muka kai wancan gaɓar.

A kan wannan kogi na Mackenzie ne aka ɗauko masallacin Inuvik a jirgin ruwa a 2010, bayan an gina shi a birnin Winnipeg. Da muka yi salla a cikinsa na tuna da duk masu aikin ruwan nan.

Wani abu da ya ƙara mini girmama hanyarku shi ne asalinta. Sunan William Dempster ta ci, ɗan sandan da ya fita da keken ƙanƙara da karnuka ke ja a 1911, neman abokan aikinsa huɗu da suka ɓace tsakanin Fort McPherson da Dawson. Gawarwakinsu aka samu. Yau ga shi iyali suna ratsa wannan ƙasa da kare yana barci a bayan mota, har ma su zarce zuwa Tuktoyaktuk a bakin tekun Aktik, tun da aka buɗe ƙarin kilomita 138 a 2017.

Roƙona ga matafiyan da za su biyo baya: ku kunna fitila, ku rage gudu idan kun ga gireda ko mai tuta, domin tsakuwar da tayarku ke watsawa a kan ma'aikatan take sauka.

Nan ba da jimawa ba koguna za su daskare, ku ajiye jirage ku koma shimfiɗa hanya a kan ƙanƙara. Allah Ya tsare ku a wannan aiki, Ya mayar da ku ga iyalanku lafiya, Ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani matafiyi da mai ɗakinsa