A gwada madubin bindiga kafin a biya ɗan kwangila

Ya Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu ja hankalin masu sayo kayan horo ga 'yan sanda a jihohin Bauchi da Gombe kan madubin da ake ɗaura wa bindiga domin koyar da harbin daidai. Kuɗin da ake warewa ba su da yawa, kuma galibi a kan ƙarfin jawo nesa suke ƙarewa, alhali shi ne abu mafi sauƙin samu a madubi.

Aikin ɗan sanda a cikin gari yake, da wuya nisan ya wuce mita 100 zuwa 200. Madubi mai lamba 3-9x40 (wato mai jawo nesa ninki 3 zuwa 9, faɗin gilashin gabansa milimita 40) ko 4-16x44 ya wadatar, har ma wanda ke tsaye a 10x42, mai ƙarancin sassan da za su lalace. Mai ninki 24 a farashi mai rahusa hoto mai dishi-dishi yake bayarwa, kuma a zafin Maris da Afrilu kawalwalniya kawai zai ƙara wa ɗalibi.

Inda ya kamata kuɗi su tafi shi ne maɓallan murɗa saiti. Ma'aunin kusurwa iri biyu ake amfani da su a maɓallan, mil da MOA. A madubin da ke aiki da ma'aunin mil, kowane ƙas ɗaya, wato murɗawa ɗaya ta maɓalli, yawanci yana gusar da inda harsashi zai faɗa da santimita 1 a mita 100. A na MOA mai kwata ɗaya a kowane ƙas kuwa kimanin milimita 7 ne. Mu dai mun fi son mil, domin da mita ake auna filayen harbinmu. Amma kowanne aka zaɓa, layukan da ke cikin gilashi da maɓallan su zama ma'auni ɗaya. Idan suka saɓa, ɗalibi lissafi zai tsaya yi maimakon kula da numfashinsa.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗaura madubin a bindiga mai harbi daidai, a kafa allo a mita 100, a harba harsashi 3 a tsakiya. A murɗa ƙas 20 sama a harba, sai 20 dama, 20 ƙasa, 20 hagu, ana auna wuri ɗaya duk lokacin. Idan na mil ne, ramukan za su zana murabba'i mai santimita 20 kowane gefe, na ƙarshe su faɗo kan na farko. Wanda bai dawo ba, sifirin ɗin (naɗaɗɗen ƙarfen) da ke riƙe saiti a cikinsa ba shi da ƙarfi, a mayar wa mai shi. Haka ake kama jabu da kuma na bindigar wasa, waɗanda girgizar harsashi mai milimita 7.62 ke kwance musu ciki.

Sai zobban da ke riƙe madubi a kan bindiga, da ake yawan rainawa. Faɗin bututun madubi galibi ko milimita 30 ne ko 25.4, zobba su dace da shi. A ɗaure kusoshinsu da sukudireba mai auna ƙarfi, yawanci fam-inci (ma'aunin ƙarfin matsewa) 15 zuwa 18, ko abin da kamfanin ya rubuta. Matsewa da alanki (ƙaramin ƙarfen ɗaure kusoshi) iya ƙarfin hannu tana lotsa bututun, saiti ya daina tafiya. A kan AK-47 kada a ɗaura madubi a murfin sama, domin murfin yana motsi; maƙalin gefe ake nema. A bar tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin ido da gilashi, in ba haka ba madubin ya fasa wa mutum gira.

A duba cewa an cika shi da iskar naitirojin an toshe, saboda raɓar damina. Ƙurar hunturu kuwa a hure ta tukuna kafin a goge, kuma ba da gefen riga ba, domin yashi yana kankare rufin gilashin. Muna roƙon a sanya murafun gilashi da takardar garanti cikin sharuɗɗan kwangila, kuma malamin harbi ya sa hannu a sakamakon gwaji kafin a fitar da kuɗi.

Wassalam.

Wasu masu koyar da harbi,
Bauchi.