Dan Allah Likita, Hajiyarmu tana daka ƙwayar hawan jini kafin ta sha

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri kan wannan fili da muke saurare ta waya duk da nisa. Ni mace ce ina zaune a Makka wajen Misfala, mahaifiyata tana hannuna, shekaru sun ja, tana da suga da hawan jini ga ciwon gwiwa da ya hana ta sakat.

Damuwata ita ce Hajiya ba ta yarda ta haɗiye ƙwaya, wai maƙale mata take a wuya, sai ta jefa ta a ɗan turmin ƙarfen da muke dakan citta da kanumfari ta dandaƙe ta juye a kunu. Ta hawan jinin nifedipine ce irin wadda ake sha sau ɗaya a rana, kuma duk ran da ta daka ta sha ba a jimawa sai ka ga fuskarta ta yi zafi, kai na sarawa, jiri na ɗibarta har sai ta dafa bango in za ta alwala. Da na kai kwalin maganin saidaliyya, wato kantin magani, wani bawan Allah mutumin Sudan ya riƙe baki, yace irin wannan an yi ta ne ta riƙa sakin magani kaɗan kaɗan cikin hanji har awa 24, kaman tulu mai ɗiga, in aka fasa ta maganin yini guda ne zai afka jini lokaci ɗaya, jinin ya sauka da yawa, can anjima kuma babu sauran abin da zai riƙe shi.

Shi ne ya min bayanin da har yanzu nake juyawa a raina, cewa magani in an sha ba wajen ciwon yake miƙewa ba, daga ciki sai ƙaramin hanji, nan ne yawanci yake shiga jini, jinin ya bi da shi ta hanta ta sarrafa wani ta rage wani, sannan ya zaga jiki, ƙarshe ƙoda ta tace ta fitar a fitsari. Yace metformin ɗin da take sha na suga ƙoda ce ke fitar da shi yadda ya shiga, in ƙodar ta yi rauni taruwa zai yi a jiki. To nan hankalina ya tashi wallahi, don gwajin da aka mata na baya an ce ƙodarta ta fara gajiya, ga shi kuma maƙwabta masu tausayi suna kawo mata diclofenac na gwiwa tana sha a ɓoye, ni kuma na ji yana rage jinin da ke zuwa ƙoda, balle a zafin Makka da yakan wuce digiri 45 kuma ita azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, ruwa ma sai an yi da gaske take sha. Zoɓo kuwa kullum yana firij tunda aka ce mata yana sauke jini.

Uwa ce Likita, ba zan ɗaga mata murya ba, in na yi magana tace ita ta haife ni ba ni na haife ta ba, kuma na san tsoron shaƙewa take ba taurin kai ba ne.

Dan Allah akwai maganin hawan jini da ya halatta a daka ko na ruwa da zan roƙi likitanta ya canza mata? Gwiwar fa, in na mayar da ita kan Panadol, na san babba ba ya wuce giram 4 a rana wato ƙwaya 8 masu 500 saboda hanta, to tsohuwa irinta ma haka ne ko a rage? Maganin gwiwa na shafawa shi ma yana kaiwa ƙoda? Sannan ran azumi yaya zan raba mata magungunan tsakanin sahur da buɗa baki, kuma zoɓon a bari ko a hana? In da hali ka amsa a shirin, zan kunna mata ta ji da kunnenta, maganar likita ta fi tawa shiga.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

'Yarka daga Makka