Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, Malam Liman, Shugaba, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikinta, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Tarurrukan wata-wata an yi su, ban da na watan azumi da muka saba ɗagawa. An wakilci ƙungiya a wuraren suna, ɗaurin aure da ta'aziyya, a nan birnin New York na Amurka, a Bronx da Harlem, har zuwa Newark.

Maganar kuɗin wata zan sa a gaba, domin duk abin da za ku karanta a ƙasa yana rataye da ita. Dala 10 ce a wata, ba a ƙara ba tun kafin korona. Amma har ranar da nake wannan rubutu, waɗanda suka biya na shekara cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin littafi ba. Akwai masu bashin shekara biyu. Akwai wanda idan Ma'aji ya kira shi sai ya ce yana tuƙi, zai kira daga baya, kuma tun watan Afrilu yake tuƙin. Ni da Ma'aji ba albashi ake biyanmu ba, kowannenmu yana da aikin da yake ci da iyalinsa, kuma babu mai jin daɗin bin dattijo sa'an mahaifinsa yana cewa "Baba, kuɗin ƙungiya." Lissafi dalla-dalla yana hannun Ma'aji, duk mai son gani ya same shi bayan sallar Juma'a.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne na kwamitin kula da dattawa, kuma kusan dukkansa a kan hukumar Social Security, mai biyan kuɗin ritaya a Amurka, ya ƙare. Wasu sun yi ƙorafi a zauren WhatsApp cewa kwamitin ya mayar da ƙungiya ta tsofaffi kaɗai. Ina roƙon masu wannan magana su karanta abin da ya faru a hukumar cikin shekarar nan, sannan su sake yanke hukunci.

Kuɗin da ake biyan masu ritaya daban ne, kuɗin gudanar da hukumar kuma daban. Na farkon daga harajin albashi yake fitowa: kashi 6.2 cikin 100 daga ma'aikaci, mai aikin ya ƙara irinsa, mai sana'ar kansa kuwa, kamar direbobinmu na tasi da Uber, shi ke biyan 12.4 gaba ɗaya. Na biyun, wato albashin ma'aikata, hayar ofisoshi, kwamfutoci da layukan waya, majalisar dokoki ce ke yanke shi kowace shekara, kuma kimanin dala biliyan 14 ne, kusan kashi 1 cikin 100 na abin da hukumar ke rabawa. Mutanen da ke karɓa sun haura miliyan 70, kullum ƙaruwa suke yi saboda waɗanda aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu suna ta ajiye aiki. Ana cikin haka, a ƙarshen Fabrairun 2025, hukumar ta sanar cewa za ta rage ma'aikatanta daga kimanin 57,000 zuwa 50,000, aka yi wa mutane tayin kuɗi su bar aiki ko su yi ritaya da wuri. Ofisoshinta na unguwanni kimanin 1,200 ne a duk faɗin Amurka. Tun daga watan Janairu kuma aka koma tsarin sai ka nemi ranar ganawa kafin ka je ofis, ranar kuwa ta waya ake nemanta, kuma a farkon shekara jaridu sun yi ta ba da labarin yadda jiran waya ya yi tsawo. A watan Maris aka ce za a daina tantance mutum ta waya, sai dai ta intanet ko ya zo da ƙafarsa, aka yi ta surutu, zuwa Afrilu aka janye. Kowace sanarwa irin wannan, kafin dare wayar 'yan kwamiti ta cika da saƙonnin murya daga iyayenmu masu tambaya ko an dakatar da kuɗinsu.

Sai batun aiki daga gida, wanda ya cinye mana taron watan Afrilu kusan gaba ɗaya har muka kasa kaiwa ga maganar asusun jana'iza. Ga abin da ya faru a taƙaice. An rufe ofisoshin hukumar ga jama'a a watan Maris na 2020 saboda korona, ba a sake buɗe su ba sai Afrilun 2022. Bayan nan ma'aikata da yawa sun ci gaba da yin wasu ranakun a gida. A ƙarshen 2024 shugaban hukumar na lokacin, Martin O'Malley, ya sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata ta AFGE cewa tsarin zai ci gaba har 2029. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin ma'aikatan tarayya su koma ofis kullum, hukumar kuma ta bi. A taronmu wasu sun yi murna, suka ce dama zaman gidan ne ya jawo jinkiri. Wata 'yar uwa da ke aikin jinya ta ce ita dai kullum da asuba take fita, ba ta ga dalilin da wani zai karɓi albashi yana sanye da rigar barci ba. Ina ganin girman maganarta. Amma ni ra'ayina, mai amsa waya ko yana gida ko yana ofis, kira ɗaya zai ɗauka a lokaci guda. Idan an dawo da kowa ofis sannan aka sallami mutum dubu bakwai, tsohon da ke jira bai ci ribar komai ba. Ga shi a tsakiyar shekara sai da aka kwashi ma'aikatan ofisoshi aka sa su amsa babban layin waya na ƙasa, wato an rage masu zama a bayan kanta ke nan. Ya kamata in faɗa cewa ma'aikatan da 'yan kwamiti suka haɗu da su sun karɓe su da mutunci, kuma hukumar tana samar da tafinta kyauta idan an nema. Hannu ne ya yi ƙaranci, abin da ya rage kuma a kanmu ya faɗo: cike takarda, buɗe asusu a intanet, karanta wasiƙa, raka mutum. Mutum biyar ne a kwamitin a rubuce. Masu fitowa uku ne.

Yanzu bari in zo kan abin farin ciki, domin akwai shi, kuma babba ne. Da aka sanar cewa gwamnatin tarayya za ta daina aika cak ta gidan waya daga 30 ga Satumba, sai dai a tura kuɗi ta banki ko ta katin cire kuɗi na Direct Express, shugabar mata ta kawo shawarar a ware yini guda a tara dattawa duka a gama musu komai a zama ɗaya. Aka yi shi Lahadin farko ta Satumba a ɗakin ƙasa na masallaci. Mun shirya kujeru daidai da waɗanda suka yi rajista, kafin azahar sai da aka shimfiɗa dardumai domin kujerun sun ƙare. Mutane suka zo har daga Brooklyn, wasu ma ba 'yan ƙungiya ba ne, labari suka ji. 'Yan Zongo, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, har da 'yan uwanmu Zabarmawa, kowa da takardunsa.

Yaranmu na jami'a da sakandare su ne suka fitar da mu kunya. Suka zo da kwamfutocinsu suka jera a kan teburan cin abinci, kowane yaro da tsoho a gefensa, ana buɗe asusun intanet na hukumar ta Login.gov, shafin shiga na gwamnati. Wahalar da aka fi sha ita ce lambar sirri da ake turowa ta waya: sai a tambayi Baba ina wayar da aka yi rajista da ita, ya ce ai tana hannun ɗansa, ɗan kuma yana wurin aiki a New Jersey. Haka aka yi ta kiraye-kiraye ana karanto lamba kafin ta mutu. Wata Hajiya ta zo da leda cike da wasiƙu, wasu ko buɗe su ba a yi ba, ta ce tsoronsu take ji. Jikar wani daga cikinmu ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta jera su bisa kwanan wata, ta karanta mata ɗaya bayan ɗaya da Hausarta ta 'yan nan ƙasar, Hajiya tana gyara mata magana tana dariya. A cikin ledar aka sami wasiƙar da ke buƙatar amsa kafin wata ya ƙare, kuma an amsa ta.

Abin da ya fi girgiza ɗakin shi ne lokacin da direbobi suka ga tarihin kuɗin shigarsu a allo. Kafin mutum ya cancanci kuɗin ritaya sai ya tara maki 40, wato aikin kusan shekara goma, maki huɗu ne iyaka a shekara, kuma a 2025 kowane maki ɗaya yana buƙatar samun dala 1,810 da aka biya wa haraji. Wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyari ya ga shekaru a jere an rubuta sifili, domin a lokacin bai bayyana abin da yake samu ba. Ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba, sannan ya juya ya kira ɗansa da ke tuƙin Uber ya ce ya zo ya gani da idonsa. An kuma yi bayanin cewa wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama cikakken lokacinsa shekara 67 ne, idan ya fara karɓa a 62 za a rage masa kashi 30 cikin 100 har ƙarshen rayuwa. Malam Liman ya rufe da nasiha kan faɗin gaskiya a takardun haraji. Mata sun ciyar da kowa, shinkafa da wake, tuwo da miyar kuka, dambu da zoɓo, kuma daga aljihunsu suka yi, ko sisi ba su taɓa a asusu ba. Allah ya saka musu da alheri, su da yaran.

Amfanin wannan yini ya fito fili bayan sati uku, da aka rufe ayyukan gwamnatin tarayya saboda rashin amincewa da kasafin kuɗi daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, kwana 43. Kuɗin wata bai tsaya ba, amma ofisoshi sun taƙaita ayyukansu, har sanarwar ƙarin kuɗin da ake yi duk shekara sai da aka jinkirta ta zuwa 24 ga Oktoba. Waɗanda aka buɗe wa asusu sun iya ciro takardar shaidar kuɗinsu daga gida. Ƙarin na 2026 kashi 2.8 ne cikin 100, sai dai kuɗin inshorar lafiya ta Medicare da ake cirewa duk wata ya tashi daga dala 185 zuwa 202.90, don haka kada wanda ya ga ƙarin bai kai yadda ya lissafa ba ya ɗauka kuskure aka yi.

Abubuwa uku da aka amince da su a babban taron bara ba su kammala ba, kuma na san za a tambaye ni. Ɗan ofishin da za a sa kwamfuta da na'urar buga takardu: an sami ɗakin, mai gida ya nemi kuɗin wata uku a gaba, asusu bai kai ba, ya ba wani. Matashin da aka ce za a riƙa ba ɗan alawus ya zauna da dattawa kwana biyu a mako: ba za mu yi wa yaron mutane alkawarin kuɗin da ba mu da tabbacin shigowarsa ba. Bayanan murya da Hausa kan dokokin hukumar: an naɗi biyu, suna nan a zaure, sauran suna jiran wanda ya ɗauki nauyin haɗa su, wanda rabonmu da shi tun Babbar Sallah. Masu cewa shugabanni sun yi sakaci su duba littafin Ma'aji tukuna. An ce mutane ba sa zuwa taro saboda nisa da aiki, muka sa Zoom, sai ga shi fuskokin da ke zuwa masallaci su ne dai ke shiga Zoom ɗin. Amma ranar da wasiƙa ta zo wa mahaifiyar mutum, ƙarfe sha ɗayan dare zai kira, yana so a raka ta gobe da safe. Muna zuwa, domin ita ba ta yi mana laifi ba.

Azumi yana tafe a tsakiyar Fabrairun 2026, masu niyyar umra ko zuwa gida su kula da wannan. Mai karɓar SSI, wato tallafin tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, idan ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka kuɗinsa yana tsayawa, kuma ba zai dawo ba sai ya sake yin kwana 30 a jere a cikin ƙasa. Wanda ya yi shiru aka ci gaba da biyansa, bashi ne za a biyo shi da shi. Haka nan abin da ya mallaka, ban da irin su gidan da yake zaune a ciki da mota ɗaya, kada ya wuce dala 2,000, ko 3,000 ga miji da mata, don haka kada a ajiye kuɗin adashi ko na wani a asusun bankinsa. Duk mai tafiya ya sanar da kwamiti kafin ya yanki tikiti.

Babban taro Lahadin biyu ta Janairu ne bayan azahar, a inda aka saba. Za a cike gurbin mutum biyu a kwamitin dattawa, a kuma kaɗa ƙuri'a kan shawarar Ma'aji ta cewa wanda bashinsa ya wuce shekara guda ba zai yi zaɓe ba har sai ya biya. Ana karɓar kuɗi hannu da hannu ko ta Zelle, hanyar tura kuɗi ta waya, kuma a rubuta suna da watannin da ake biya.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya