Kafin ka ɗaure kaya zuwa Dubai

Assalamu alaikum, aminina,

Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da Yaya da maigidanta. Mu nan Kano sai godiyar Allah. Na leƙa Hajiya ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, tana gaishe ku.

Saƙonka ya iso, kan cewa rashin rana a Manchesta ta Ingila ya ishe ka har kana tunanin komawa Dubai, kuma ban ɗauki kukanka da wasa ba. Garin da a Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, ta faɗi kafin huɗu na yamma, ka fita aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu, ga yayyafin Manchesta da ba ya ƙarewa, dole ya taɓa zuciyar wanda ya tashi a Fagge. Likitocin can sun san ƙuncin da ke kama mutane da hunturu, kuma hukumar lafiyarsu na ba masu baƙar fata shawarar shan sinadarin bitamin D, maikirogiram 10 kullum, duk tsawon shekara. Don Allah ka ga likita kan wannan kasalar da rashin barcin, ko za ka tashi ko za ka zauna.

Amma ka nemi ra'ayina kan aikin da aka yi maka tayi a Dubai, to ga shi: ban goyi bayan ka tafi saboda rana kaɗai ba.

Dubai ɗin da ta shiga ranka ta watan Janairu ce. Ka je ka gan ta a Agusta. Zafi yakan haura digiri 40, ga danshin teku da ke jiƙa riga kafin ka kai bakin titi. Har doka gare su da ke hana leburori aiki a fili daga 12:30 zuwa 3 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Mu da muke shan zafin Afrilu a nan mun san rana mai yawa ɗaki take kora mutum. Yaran da kake so su yi wasa a waje, a waɗannan watannin tsakanin na'urar sanyaya gida da ta mota za su yini.

Sai maganar takardu, wadda ta fi damuna. A can yawanci izinin zamanka a hannun aikinka yake. In aiki ya ƙare, kwanakinka ƙidayayyu ne, kuma daɗewa ba ta mai da baƙo ɗan ƙasa. Ka tuna a 2022 suka rufe wa 'yan Najeriya biza, ba su buɗe ba sai Yulin 2024. Da kana can a lokacin, ta ina Hajiya za ta zo ganin jikokinta? Ita kuma takardar zaman dindindin da ka sha wahala kafin ka samu a Ingila, tana mutuwa in ka shekara biyu a jere ba ka cikin ƙasar. Kuɗin makarantar yara ma ka sa shi a lissafi kafin albashin ya ruɗe ka, don a Dubai biya za ka yi.

Abin da ba ka ambata ba a saƙonka shi ne mutane. Lokacin da uwargida ta haihu aka yi mata aiki, Yaya ce ta tare a gidanku, ta yi mata ruwan zafi da kunun kanwa kamar a gida. Ranar suna, 'yan Arewa suka cika falon har matakala. Malamin da ke yi wa yaranka karatu ranar Asabar, da waɗanda kuke haɗuwa sallar Idi a filin Platt Fields, da wanda ke ɗauko maka yara in aiki ya riƙe ka, ba a shekara ɗaya ka tara su ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma yanzu tsakaninka da Yaya tafiyar bas ce. Na san akwai Hausawa a unguwar Deira ta Dubai, amma da yawansu fatake ne, su yi sari su juyo. Shin ka zauna da uwargida kun yi maganar nan sosai? Kai za ka fita ofis ka ga jama'a, ita za a bari a bene da yara ba ta san kowa ba.

Shawarata, ka fara neman fasfon Ingila tunda ka cancanta, sannan in tayin na nan ku je tare cikin Agusta ku gani da idonku. Kafin nan, hutun Disamba ka kwaso su ku zo gida. Ko da hazon hunturu, ranar Kano za ta ishe ka, yara kuma su gyara Hausarsu a wajen kakarsu. Ɗakin baƙi na nan, ka sanar da ni da wuri in sa a gyara shi.

Ka gaida Yaya da kyau, ka shafa mini kan yara.

Naka amini,
daga Kano