Ƙwayar zaƙi da alwalar dattawanmu a Makka

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Edita.

Ina neman fili kan wata damuwa ta dattawanmu mazauna Makka, wadda kunya ta hana a faɗe ta a majalisa: yawan fitsari, har alwalar Magariba ba ta kai mutum Isha. Duk wanda ya san nisan filin ɗawafi da bandakunan harabar waje ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Ciwon suga ya yi yawa a ƙasar nan ta Saudiyya. Da likita ya ce a bar sukari, sai a koma ƙwayar zaƙi a shayi, da lemon gwangwani mai rubutun "babu sukari" daga baƙala, wato kantin unguwa. To zaƙin nan iri-iri ne, kuma kowanne da lambarsa a jikin gwangwani. Sakarin, mai lamba E954, da asesulfam, E950, jiki ba ya sarrafa su. Ƙoda ce ke tace su ta zuba a mafitsara kusan yadda aka sha su. Asfatam kuwa, E951, tun a hanji yake narkewa. Gwaji a kan tsokar mafitsarar ɓera ya nuna irin waɗannan sinadarai na ƙara mata matsewa, shi ya sa likitocin mafitsara ke lissafa su cikin abubuwan da mai matsuwar fitsari zai gwada bari. A mutane dai abin ya danganta da jiki: wani ya sha lafiya lau, wani ya kwana zaryar bayi. Sannan lemon kola na ɗauke da sinadarin kafeyin da gas, ga shayi da gahawa da ba a rabuwa da su a gidajenmu, su ma duk suna tsokanar mafitsara. Bai kamata a ɗora wa ƙwayar laifin duka ba.

Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa sakarin na kawo kansar mafitsara tsohon zance ne. A ɓeraye aka gani shekarun 1970, har Amurka ta sa gargaɗi a jikin kaya a 1977, ta kuma cire shi a 2000 bayan an gano hanyar da cutar ke kama ɓera ba ta shafi ɗan Adam ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dabarar da iyayenmu suka ɓullo da ita: rage shan ruwa don alwala ta daɗe. A garin da zafi ya haura digiri 51 a Hajjin 2024, mutum fiye da 1,300 suka rasu! Ga shi fitsarin da ya yi kauri saboda ƙarancin ruwa ya fi ƙona mafitsara, an gudu ba a tsira ba ke nan. Mai yoyon fitsari ma shari'a ta yi masa sauƙi, ya tambayi malamai.

Baba ko Hajiya su ajiye ƙwayar da lemon na mako biyu, ruwa kuma a ci gaba da sha, a lura da tashin dare. In an ga sauƙi, a dawo da su ɗaya bayan ɗaya har a gane mai laifin. In ba a gani ba, sai asibiti, domin sugan da ya hau shi kansa yana sa fitsari, haka magungunan suga irin su Jardiance da Forxiga da ke fitar da sukari ta fitsari, haka kumburin furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara, ga maza masu shekaru. Jini a fitsari, ko zafi haɗe da zazzaɓi, ba ya jiran mako biyu.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku samo likitan mafitsara ya yi bayani da Hausa, a haɗa da likita mace, don iyayenmu mata ba za su buɗe baki gaban namiji ba.

Wassalam.

Mai karatunku daga Shari'a Mansur, Makka.