Hattara da Motar Araha Marar Takardu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana mazauna Zariya da kewaye kan wani ciniki da ya yawaita tun bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, farashin motoci kuma ya yi tashin gwauron zabo. Cinikin kuwa shi ne na motar hannu da ake kawo wa mutum a kan kuɗin da ya yi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba, amma da zarar ya tambayi takardu sai a ce masa sun ɓata, ko suna wajen yayan mai motar a Legas, ko kuma ya biya tukuna za a kawo su mako mai zuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami ɗan yayana bara. Malamin firamare ne, ya kwashi adashi ya haɗa da kuɗin bijiminsa, da niyyar sayen Golf da zai riƙa haya da ita daga Kwangila zuwa Funtuwa a ranakun da ba aiki. Wani dillali da suka haɗu a garejin makanikai a Sabon Gari ya nuna masa mota mai lafiyar inji, aka yi ciniki a tsaye, aka ba shi kwafin takarda guda da ɗan rubutun hannu wanda babu adireshin mai sayarwa a ciki, sai lambar waya kawai. Watansa huɗu yana murna. Ranar da aka tsayar da shi a shingen bincike aka gwada lambar shasi, wato lambar da aka buga a jikin motar tun daga masana'anta, da ta takardar, sai aka tarar ba su yi daidai ba, bincike kuma ya nuna cewa motar ƙwace ta aka yi a wata jiha. Ya kwana uku a tsare kafin dattawan unguwa su yi belinsa, motar ta koma ga mai ita, wayar dillalin kuwa har yau a kashe take. Na gaya masa tun farko cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ɗokin mota ya toshe masa kunne.

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar takardun mota a matsayin abin nuna wa ɗan sanda a hanya kawai, alhali kuwa su ne ke tabbatar da cewa motar ta shigo ƙasa ta halattacciyar hanya, kuma wanda ke sayar da ita yana da ikon sayarwa. Takardar kwastam ita ce uwa. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin jiragen ruwa, amma duk da haka kowa ya san ana satar hanya da su daga Kwatano da Maraɗi ta cikin daji. Irin wannan mota ba a biya mata duti ba, wato harajin kwastam, kuma sauƙin kuɗin da ake yi wa mai saye, idan ya lissafa, kuɗin dutin ne aka bar masa a wuya bai sani ba. Bashin yana bin motar duk hannun da ta shiga, ko da ta yi shekaru tana yawo tsakanin Samaru da Ƙofar Doka da lamba a jikinta. Mu kuma a nan muna kan mahaɗar hanyoyin Kano da Kaduna da Sakkwato, sannan rundunar kwastam ta shiyya ta B, wadda ke sintiri a wannan yanki, a Kaduna hedikwatarta take. Mai irin wannan mota ba ya tafiya da kwanciyar hankali, kuma ranar da aka kama ta, ko ya biya abin da ake binta ko ya rasa ta baki ɗaya.

A nan akwai togaciya guda da ya kamata a sani. Motar da aka harhaɗa a cikin gida, kamar Peugeot ɗin da kamfanin PAN ya yi ta fitarwa a Kaduna tun 1975, ba ta da takardar duti irin ta Beljiyam, wato motar hannu da aka shigo da ita daga waje, don haka abin nema a wajenta shi ne rasit na asali da takardun rajista da shaidar yadda ta sauya hannu daga mai ita na farko zuwa na yanzu.

Haɗarin da ya fi na duti muni shi ne na sata, domin wannan ba dukiya kaɗai yake ci ba, har da mutunci. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta tanadi ɗauri ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne, kuma arahar da ta wuce hankali tare da rashin takarda suna cikin abubuwan da mai gabatar da ƙara zai kafa hujja da su. Ko a fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaurukan Birnin Zariya, idan mai abu ya tabbatar da cewa nasa ne, karɓar abinsa zai yi, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. To, ina zai ga wanda bai san gidansa ba? Idan kuma an taɓa yin fashi ko garkuwa da mutane da motar, bayanin da mutum zai yi kafin a yarda da shi ba ƙarami ba ne.

Saboda haka duk wanda zai sayi motar hannu, kada ya ba da ko kafin alƙalami sai ya ga lambar shasi da idonsa. Lambar nan haruffa da alƙaluma 17 ce, ana samunta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin dogaran ƙofa, wasu motocin kuma an buga ta a jikin ƙarfe a ɗakin inji. Ya gwada su da juna, ya gwada da abin da ke rubuce a takardun kwastam da na rajista harafi da harafi. Ya tafi da makanikensa na amana, ba wanda dillali ya kawo ba, domin mai sana'a yana gane wurin da aka goge lamba aka sake bugawa, ko aka yanko ƙarfe aka yi walda aka shafe da sabon fenti. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana da shafi a intanet da ake shigar da lambar mota a ga irin motar da aka yi wa rajista da ita, kuma takardar duti ana iya kai ta ofishin kwastam a tantance, tunda jabu ta yi yawa. Takardar inshora ma haka. Duk wannan zirga-zirgar ba za ta wuce kwana biyu ko uku ba, kuma mai sayarwar da ya ce ba zai iya jira ba saboda wani na tafe da kuɗi a hannu, a bar masa motarsa.

Ba ina cewa duk wanda takardunsa suka ɓata ɓarawo ne ba. Gobara tana faruwa, ambaliya tana shiga gidaje, magada kuma sukan gaji mota ba su san inda marigayi ya ajiye fayil ba. Amma ɓatan takarda yana da magani a doka: mai motar ya kai rahoto ga 'yan sanda ya karɓi takardar shaida, ya yi rantsuwa a kotu, sannan ya nemi sabon kwafi a ofishin rajistar motoci. Wannan aikin mai sayarwa ne, kuma kafin ciniki ake yin sa, ba bayan an ƙirga kuɗi ba. Idan motar gado ce, a ji daga bakin sauran magada, don kada gobe wani ya taso ya ce ba da yawunsa aka sayar ba.

Idan komai ya yi daidai, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da cikakken sunan mai sayarwa da hotonsa da kwafin katin shaidarsa na ɗan ƙasa, da lambar shasi da ta inji, da shaidu biyu da aka san gidajensu. A je a ga gidan mai motar, in da hali a gaisa da mai unguwarsa. Kuɗin kuma a tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda, dillali a ba shi la'adarsa daban, sannan a gaggauta canjin mallaka.

Ina kuma kira ga shugabannin dillalan motoci na Zariya da su riƙa ajiye rajistar duk motar da ta bi ta hannun mutanensu, da sunan wanda ya kawo ta. Da akwai irin wannan littafi a garejin da ɗan yayana ya yi ciniki, da yanzu mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Naka mai karatu a kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.