Kwalliya ma ilimi ce, a buɗe mata aji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina bibiyar shafinku na matasa da sana'o'i, kuma na lura duk lokacin da aka zo lissafa abin da wanda ya gama jami'a zai kama kafin aiki ya samu, sai a jefa kwalliya can ƙarshen layi, tsakanin haɗa sabulun ruwa da suyar cincin. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni malamar sakandare ce a Zariya. 'Yar yayata ta karanta kimiyyar sinadarai, ta tafi bautar ƙasa, a sansani ta shiga shirin SAED na koyar da sana'a, wanda hukumar NYSC ta fara a 2012. Ta zaɓi kwalliya. Zaman sansanin gaba ɗaya mako uku ne, ga fareti ga lacca, don haka abin da ta samu bai wuce ɗanɗano ba. Da ta dawo ta tara alawus ɗinta ta sayi akwatin kayan aiki, sai mahaifinta ya ce, "Shekara huɗu a jami'a, ki ƙare a shafa wa mata hoda?" Ni ma a lokacin ban ga laifin maganarsa ba.

Abin da ya sauya mini tunani a gabana ya faru. Ana saura kwana biyu ɗaurin aure aka kawo mata wata amarya, hannuwanta sun kumbura, duk inda zanen baƙin lalle ya bi ya yi bororo yana tsatsar ruwa, kamar an zana furen da wuta. Uwar amarya tana ta cewa baki ne ya kama ta. Yarinyar nan ta duba ta tambayi abin da aka haɗa lallen da shi, aka ce dayis. Ta ce musu a cikin dayis akwai wani sinadari da ake kira PPD, na rina gashi ne, jikin wasu ba ya ɗaukarsa, kuma wanda ya taɓa yi wa haka zai sake yi masa, sau da yawa ma fiye da na farko. Ta ƙi taɓa fuskar amaryar, ta ce a fara kai ta asibiti. Tun daga ranar ba ta karɓar aikin amarya sai ta ɗiga kayan a bayan kunnenta ta jira kwana biyu.

To, mai kwalliya nawa ce ta san wannan? Nawa ce ta san kwallin dutse na iya ɗauke da dalma, wadda ke yi wa ƙwaƙwalwar jarirai illa? Soso ɗaya da burushi ɗaya za a bi fuskar ƙawayen amarya goma da su, ciwon idon ɗaya ya zagaye sauran. Ga man bilicin, wanda har hukumar NAFDAC ta ayyana shi a matsayin babbar barazana ga lafiya a 2023, amma wasu masu gyaran jiki na haɗa shi a roba ba suna ba takarda. Ba laifin yaran nake gani ba. Sun koya ne a waya, ko a shagon wadda ita ma a waya ta koya.

Sai ɓangaren fim, inda abin ya fi ba ni haushi. Masana'antar finafinan Hausa ta haura shekara 30, tun daga 1990, kyamarori sun sauya, sauti ya gyaru, amma har yau idan ana son tsoho sai a ɗauko saurayi a barbaɗa masa farar hoda a gemu, fuska sumul, wuya sumul, yana ta karkarwar murya. Jini kuwa kamar an zuba zoɓo. Jikokina ma dariya suke yi. Alhali a Amurka tun 1982 ake ba da kyautar Oscar ta kwalliya kusan duk shekara, daga baya aka haɗa ta da gyaran gashi. A 2018 Kazu Hiro, haifaffen Japan, shi da abokan aikinsa biyu suka ci ta saboda sun mayar da jarumi Gary Oldman ya zama Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, da kumatun roba da gashin da aka saƙa. Ba sai mun je nesa ba, a Legas akwai Hakeem Onilogbo da ya yi suna wajen haɗa rauni da ƙuna da tsufa, kuma gasar finafinan Afirka ta AMVCA tana da rukunin kwalliya nata na kanta. Waɗannan mutane sun san ƙashin fuska, sun san yadda launi ke sauyawa a ƙarƙashin fitila, sun san inda fata ke fara yamutsewa.

Na san da an ambaci hular gashi wasu za su ɗaure fuska, saboda hadisin da ya hana ƙarin gashi. Ban zo jayayya da wannan ba, fagen malamai ne. Amma sana'ar ta fi ado faɗi. Gemu da gashin baki da furfurar da ɗan wasa ke sa wa duk aikin masaƙin gashi ne. Na zauna na kalli 'yar tawa tana koyon abin: wani yadi mai ƙananan huji kamar gidan sauro, da allura mai ƙugiya, tana ɗaure sili ɗaya ko biyu a kowane huji, tana karkata su yadda gashi ke kwanciya a haɓar mutum. Gashin baki kaɗai ya ci mata yini biyu, ido ya yi ja, amma da ta manna wa ƙaninta sai da kakarsu ta gaishe shi a matsayin baƙo. Ga hular lauyoyi da alƙalai, wadda asalinta da gashin doki ake saƙa ta a Ingila, kuma dubban ɗalibai ke buƙatarta duk shekarar da aka rantsar da sababbin lauyoyi, har da na makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda. Mu da muke da dawakan hawan sallah! Ga kuma matan da maganin kansa ya zubar wa gashi. A yanzu birnin Xuchang na ƙasar Sin ne ke cika kasuwannin Afirka da gashi, mu namu saye.

Roƙona ga hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna da kwalejojinmu na fasaha shi ne su buɗe kwas na gaske, shekara ɗaya ko biyu, mai takardar shaida, a koyar da sanin fata, tsaftar kayan aiki, haɗa launi, saƙar gashi da lissafin riba da faɗuwa. Sassan wasan kwaikwayo na jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, da makarantar koyon fim ta Jos, su ɗauki abin a matsayin fanni da ɗalibi zai ƙware a kai, ba darasin cike gurbi ba. Maza ma su shigo, don jarumai maza sun fi sakewa a hannun namiji. Furodusoshi kuma su daina kiran "wata yarinya ta zo ta ɗan gyara su" a biya ta da kuɗin mota. A sa aikin a kasafi, a rubuta sunanta a ƙarshen fim.

Ita dai 'yar tawa yanzu tana da yara uku da take koya wa, kuma darasin farko da take ba su shi ne karanta bayan kwalba. Mahaifin nata har yanzu idan an tambaye shi aikinta cewa yake tana jiran aiki, amma shi ya kai ta tasha ranar da aka kira ta Kano ta tsofar da wani jarumi.

Na gode da ba ni wannan fili.

Taku,
Wata malamar makaranta, Zariya